Shinge, Wuƙa ko Shaida: Wace Hanya Ce Za Ta Kai Naman Sakkwato Kasuwar Duniya?

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. A watan Nuwamban shekarar kuma kamfanin JBS na Brazil, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nama na duniya, ya sanar da shirin zuba dala biliyan 2.5 a Najeriya don gina masana'antun sarrafa nama. Tun daga nan maganar fitar da nama zuwa ƙasashen waje ta dawo bakin mahukunta. Duk wanda ya san Kasuwar Kara ta Sakkwato, da tirelolin da ke lodin shanu daga Illela da Achida suna gangarawa Ibadan da Legas, zai ga kamar abin ya zo gidan sauƙi. Ga Gudali mai tozo da faɗin ƙirji, ga Rahaji, ga Azawak da ke shigowa daga Nijar.

Sai dai mai saye a Riyad ko Alƙahira ba tozo yake fara dubawa ba. Tambayoyinsa uku ne: daga ina wannan saniya ta fito, waɗanne cututtuka ne ke yawo a inda ta fito, kuma wa ya tabbatar da hakan? A yau babu hukuma a Sakkwato ko a Abuja da za ta amsa su ukun game da sa guda da aka ɗora a mota, ta hanyar da baƙo zai gamsu. Ƙasashe da dama sun fuskanci waɗannan tambayoyi, kowacce ta amsa ta hanyarta. Kwatanta hanyoyin yana nuna cewa wanda aka fi yabo a cikinsu shi ne mafi rashin dacewa da Sakkwato.

Abin da ake saye a kasuwar duniya

A 1920 wani jirgin ruwa ɗauke da shanu daga Indiya zuwa Brazil ya yada zango a tashar Antwerp ta Beljiyam, cutar bushiya ta ɓulla a Turai daga gare su. Firgicin da ya biyo baya ne ya haifar da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Paris a 1924, wadda ake kira WOAH tun 2022. Daga 1995 Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ɗauki ƙa'idojin wannan hukuma a matsayin ma'aunin da ake komawa gare shi idan wata ƙasa ta hana shigo da dabbobi ko naman wata.

Hukumar tana ba ƙasa, ko wani yanki na ƙasa, shaidar kuɓuta daga wasu cututtuka ƙalilan. Biyu daga cikinsu sanannu ne ga kowane makiyayi a arewa: boru, wato ciwon baki da kofato, da ciwon huhun shanu. Najeriya ba ta da wannan shaida a kan ko ɗaya. Kuma ba a samun ta da cewa ba a ji labarin cuta ba. Dole ƙasa ta nuna cewa tana nema, tana ɗibar jini tana gwadawa, tana ba da rahoto da wuri idan ta gani. A idon mai saye, shirun hukumomi alamar rashin dubawa ce.

Amfanin wannan sa ido bai tsaya ga cinikin waje ba. Tarin fuka na shanu da ciwon ɓari suna kama mutum ta hanyar ɗanyar madara da taɓa dabbar da ta kamu. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ciwon saifa a wata gona kusa da Suleja, makonni kaɗan bayan ɓullarsa a arewacin Gana. Idon da zai gamsar da baƙo shi ne zai kare mahauci da mai tallar nono da mai cin tsire a cikin garin Sakkwato.

Darasin bushiya

Yankin nan ya taɓa cin nasara a kan babbar annobar shanu, kuma ya taɓa sakin nasarar. Bushiya ta shigo Afirka ta Eritiriya a 1887, ta iso ƙasar Hausa a farkon shekarun 1890, zamanin Daular Usmaniyya, ta kashe mafi yawan shanun da ta tarar. Bayan 'yancin kai, a wani taro da aka yi a Kano a 1961, aka tsara gangamin rigakafi na haɗin gwiwa mai suna JP15. Ya fara aiki a 1962 a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru a lokaci guda, saboda masu tsara shi sun fahimci cewa garken da ke rani a wannan ƙasa shi ne ke damina a waccan.

Gangamin ya ƙare a 1976, kuɗin masu tallafi ya janye, ƙasashe suka sassauta. Cutar da ta laɓe a 'yan wurare ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980, aka ƙiyasta asarar Najeriya kaɗai da kimanin dala biliyan 2. Sai da aka sake sabon gangami na nahiya a 1986, aka bi shi da dogon bincike garke bayan garke, kafin a ayyana kawar da cutar daga duniya a 2011.

Abu biyu ya fito fili. Rigakafin da ba a bi shi da sa ido ba aro ne, cuta za ta dawo karɓar kayanta. Sannan bushiya ta kasance mai sauƙin yaƙi ta fuska ɗaya: allurar da Walter Plowright ya samar tana kare saniya har ƙarshen rayuwarta. Allurar ciwon huhu sai an maimaita ta aƙalla kowace shekara. Boru kuwa nau'i bakwai gare shi, an samu huɗu daga ciki a Najeriya, kuma rigakafin wani nau'in ba ya kare wani. Wanda bai gwada ya san nau'in da ke yawo a yankinsa ba zai iya kashe kuɗi a kan allurar da ba ta da amfani.

Hanyar shinge: Botswana da Namibiya

Idan ana neman misali daga Afirka, Botswana ake fara ambata. Tun shekarun 1950 aka fara datsa ƙasar da shingayen waya masu tsawon ɗaruruwan kilomitoci, don raba shanu da ɓaunar daji da ke ɗauke da boru, da raba yanki da yanki. Saniya ba ta tsallaka shinge sai da takarda. Da haka mayankar Lobatse ta shekara da shekaru tana kai nama Turai. Da ciwon huhu ya ɓulla a lardin Ngamiland a 1995, gwamnati ta kashe shanun lardin baki ɗaya, kimanin 320,000, ta biya diyya. Namibiya ma tana da shingenta da ake kira Jan Layi, wanda asalinsa ke komawa ga annobar bushiya ta 1896, kuma a 2020 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai naman shanu Amurka.

Nasara ce ta gaske, amma tana da farashi. A Namibiya makiyayan da ke arewa da layin, inda jama'a suka fi yawa, an daɗe da rufe musu ƙofar kasuwannin da suka fi tsada, har batun ya kai gaban kotu. Ƙasashen biyu kuma masu ƙarancin jama'a ne, kowacce ba ta kai jihar Sakkwato yawan mutane ba, kuma shanunsu ba sa yin doguwar tafiyar rani da damina ta tsallaka ƙasashe.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma babu kogi ko dutse da ya raba mafi yawanta. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni tafiyar mintoci ce. Kiwo a wannan yanki ya ginu a kan motsi: arewa da damina, kudu da rani. Shingen da zai tsayar da cuta a nan zai tsayar da kiwon kansa, kafin nan ma an yanke wayar an sayar.

Akwai darasi ɗaya daga Botswana da ya fi shingen amfani. A 2011 aka dakatar da kai namanta Turai na tsawon lokaci, bayan masu binciken Tarayyar Turai sun gano giɓi a tsarin bin sawun shanu da shaidar da ake bayarwa. Shingayen na nan daram, amma da rubutun ya yi rauni sai kasuwa ta rufe.

Hanyar wuƙa: Birtaniya

A watan Fabrairun 2001 wani likitan dabbobi ya lura da alamun boru a jikin aladu a wata mayanka a Essex. Kafin a hana zirga-zirgar dabbobi bayan 'yan kwanaki, tumakin da suka kamu sun riga sun ratsa kasuwanni sun bazu a faɗin ƙasa. Gwamnati ta zaɓi kashe duk dabbar da ta kamu da waɗanda ke maƙwabtaka da ita. An hallaka fiye da dabbobi miliyan 6, asarar ta kai kimanin fam biliyan 8, har aka ɗage babban zaɓe.

Wannan hanya tana aiki ne inda cuta baƙuwa ce kuma baitulmali zai iya biyan diyya nan take. A inda boru ke zagayowa kusan kowace shekara, kuma saniya ita ce asusun iyali da sadaki da gado, barazanar kisa ba tare da diyya ba za ta koya wa makiyayi abu ɗaya ne: ya ɓoye. Zai sayar da maras lafiyar ga mahaucin ƙauye da daddare, ya kora sauran daji. Abin ɗauka daga Birtaniya shi ne wuraren da labarin ya faru. A mayanka aka gano cutar, a kasuwa ta yaɗu.

Hanyar allura da rajista: Uruguwai da Brazil

A shekarar 2001 ɗin nan boru ya afka wa Uruguwai, ƙasar da shanunta suka ninka mutanenta fiye da sau uku. Ta fara da kisa, ta ga ba zai kai ta ba, ta koma yi wa shanun ƙasar duka rigakafi. Daga 2006 doka ta wajabta sanya wa kowane maraƙi lamba a kunne, ana rubuta duk inda ya koma har zuwa mayanka. Brazil kuwa ta bi matakai na shekaru masu yawa, jiha bayan jiha, har WOAH ta amince a watan Mayun 2025 cewa ƙasar baki ɗaya ta kuɓuta daga boru ba tare da buƙatar rigakafi ba.

Wannan ita ce alƙiblar da ta dace, amma tafiyar mai tsawo ce, kuma ƙasashen Kudancin Amurka sun yi ta ne tare da maƙwabtansu. Sun kuma fara da gonaki masu iyaka da masu su sanannu. Kamfanin da ya saba da wannan tsari a gida ba zai tarar da shi a Tangaza ko Gada ba.

Hanyar ƙofa: Berbera da Indiya

Misalan da suka fi kama da Sakkwato ba su cika fitowa a jawabai ba. Makiyayan Somaliya masu yawo ne kamar na Sahel, kuma iyakokinsu da Habasha a buɗe suke. Saudiyya ta hana shigo da dabbobinsu a 1998, ta sake hanawa a 2000 saboda zazzaɓin Rift Valley, haramcin na biyu bai ɗagu ba sai 2009. Ba kawar da cutar daga daji ne ya buɗe kasuwar ba. Wuraren killace dabbobi aka gina a tashoshin Berbera da Bosaso, inda ake tsare su a duba su a ɗebi jininsu kafin su hau jirgi. Da haka miliyoyin dabbobi suka koma tsallaka teku, musamman lokacin aikin Hajji.

Indiya ma ba ta rabu da boru ba, amma tana cikin manyan masu fitar da nama a duniya, naman ɓaunar gida, zuwa Masar da Malesiya da ƙasashen Larabawa. Ta dogara ne da mayankun da aka amince da su da kuma yadda ake sarrafa naman. Ƙa'idojin WOAH sun tanadi hakan: idan dabbar ta fito daga inda ake rigakafi a hukumance, aka duba ta kafin yanka da bayansa, aka ajiye naman a sanyi aƙalla awa 24 har tsaminsa ya kai matakin da ke kashe ƙwayar cutar, sannan aka cire ƙashi da kaluluwa, ana iya cinikinsa cikin aminci. Wannan ba zai buɗe ƙofar Turai ko Japan ba. Zai iya buɗe ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, waɗanda su ne masu buƙatar naman halal tun farko.

Maƙwabciyar da ba a iya tsallakewa

Kaso mai yawa na shanun da ake ciniki a kasuwannin Sakkwato daga Nijar suke, wasu ma daga Mali. Nijar tana da ɗakin gwaje-gwajenta na LABOCEL a Yamai da ke haɗa allurai, tana kuma gudanar da gangamin rigakafin ciwon huhu na shekara-shekara. Tana cikin ƙasashe shida na shirin Bankin Duniya na tallafa wa kiwo a Sahel da aka fara a 2015, wanda Najeriya ba ta ciki. Najeriya tana da nata shirin daban, L-PRES, na dala miliyan 500, da aka amince da shi a 2022, da cibiyar bincike ta Vom da ke aiki tun 1924. Garke ɗaya ne, tsare-tsare biyu, kalandar allura biyu.

A 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓarke a Cintabaraden da kewaye, cikin jihar Tawa, ya kashe mutum fiye da 30, dabbobi suka yi ta ɓari. Jihar Tawa ita ce ke iyaka da Illela. Cutar da ta rufe wa Somaliya kasuwa shekara tara ta yi kusa da Sakkwato fiye da yadda Abuja take.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta tanadi takardar shaidar ƙetare iyaka ga makiyaya, mai nuna yawan garke da allurar da aka yi masa. Ko a da ba a cika aiki da ita ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka na watanni, a watan Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar. Shanu ba su daina tsallakawa ba. Abin da rufe iyaka ke yi shi ne kawar da su daga hanyar da jami'in lafiyar dabbobi ke tsaye zuwa hanyar da babu kowa.

Abin da ya dace da Sakkwato

Tunda ba za a iya tsare daji ba, sai a tsare mashigai. Shanun kasuwa, duk nisan inda suka fito, suna taruwa a wurare ƙidayayyu: kasuwar Illela, ta Achida, Kara, wurin lodin tirela, da mayankar birni. A mayanka huhun saniya ba ya ƙarya. Idan duk huhu da hantar da aka ƙi amincewa da su aka rubuta su tare da kasuwar da dabbar ta fito, cikin shekara biyu jihar za ta mallaki taswirar cututtukan da babu irinta a yanzu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, malamanta da ɗalibanta sun daɗe suna irin wannan bincike don neman digiri. Abin da ya rage shi ne a mayar da shi aikin yau da kullum na gwamnati, mai kasafi, wanda sakamakonsa ke isa hannun mai yanke shawara cikin kwanaki.

Lambar kunne ta fara daga dabbar ciniki, a ranar da ta shiga kasuwa, maimakon a bi makiyayi ruga ana ƙirga masa dukiya. Wanda kakansa ya biya jangali yana da dalilin zargin duk mai zuwa da littafi. Dillali da Sarkin Fawa kuwa sun riga sun san wanda ya kawo kowace saniya, domin a kan wannan sani ciniki ke tsayawa. Shigar da su cikin tsarin ya fi ƙirƙiro sabuwar hukuma arha, kuma yana ƙuntata wa ɓarayin shanu wurin sayarwa.

Dole kuma rahoto ya zama mai riba ga mai bayar da shi. Arɗon da ya kira ya ce shanu na tari ya kamata ya ga likita da allura kyauta, idan an yanka masa dabba a biya shi kafin ya koma gida. Addini ya riga ya share fagen wannan magana, domin akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya hana mai dabbobi marasa lafiya gwama su da masu lafiya a mashaya. Masarauta ma ta gwada ƙarfinta a irin wannan aiki: rawar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da sauran sarakuna suka taka na cikin abin da ya kai ga ayyana kuɓutar Najeriya daga cutar shan-inna ta daji a 2020, kuma tsarin kai rahoto daga mai unguwa zuwa hakimi yana nan.

Sai babban sharaɗi, wato fahimtar juna tsakanin likitocin dabbobi na Sakkwato da na Tawa da Doso: allura a wata guda, amincewa da takardar juna, da sanar da juna duk ɓullar cuta. Wannan ba ya jiran sulhun Abuja da Yamai a kan manyan al'amura. Likitocin JP15 sun yi shi a 1962, masu Turanci da masu Faransanci, ba waya a aljihu.

Za a ce rashin tsaro ya hana komai, kuma maganar tana da nauyi. Akwai sassan Isa da Sabon Birni da Tangaza da jami'in gwamnati ba ya shiga da akwatin allura. Amma wannan hujja ce da ke goyon bayan tsaron mashigai, domin saniyar da ta fito daga dajin da ba a shiga dole ta biyo kasuwa kafin ta zama kuɗi. Somaliya ta gina nata tsarin ne a yanayin da ya fi wannan muni.

Masana'antar nama za a iya gina ta cikin shekara biyu idan akwai kuɗi. Tarihin gwaje-gwaje na shekara biyar kuwa sai an shekara biyar ana yi, babu kamfanin da zai shigo da shi a kwantena. Jihar da ta fara rubutawa yanzu ita ce za ta sami abin nunawa ranar da masu binciken mai saye suka sauka suka nemi ganin littafin mayanka. Idan ba a fara ba, Gudali za ta ci gaba da yin kwanaki a tsaye a bayan tirela zuwa Legas, tana ramewa a hanya, ribar sarrafa ta tana faɗawa hannun wasu.